Oradour-sur-Glane: Yadda aka ƙirga mutum 643 a garin da ya zama kufai cikin yini ɗaya

Kimanin kilomita 20 arewa maso yamma da birnin Limoges na ƙasar Faransa, akwai garuruwa biyu masu suna ɗaya suna kallon juna. Ɗaya na da makaranta da shaguna da jama'a. Ɗayan kufai ne: bangaye babu rufi, layin dogo kwance a tsakiyar titi, wayoyin lantarki a sama, ga kekunan ɗinki sun ci tsatsa a bakin tagogi. Duka biyun sunansu Oradour-sur-Glane. Ranar Asabar 10 ga Yunin 1944, a Yaƙin Duniya na Biyu, kwana huɗu bayan saukar sojojin ƙawance a Normandi da ke arewacin Faransa, dakarun SS na Hitila suka kashe mutanen tsohon garin, suka cinna masa wuta. Da aka gama yaƙi, hukuma ta ce a bar shi yadda aka same shi, a gina sabo a gefe.

Cewa "a bar shi yadda yake" abu ne mai sauƙin faɗa. Wanda ya bi tarihin garin zai tarar babu abin da ya zauna da kansa. Adadin mamatan ma sai da aka shekara 76 kafin ya kai inda yake a yau.

Tambayar farko: ina aka samo mutum 643?

Ƙidayar 1936 ta nuna ƙaramar hukumar Oradour na da mutum 1,574, amma cikin garin kansa 330 ne kacal. Sauran suna warwatse a ƙananan ƙauyuka da gonaki. To ta yaya gari mai mutum 330 ya yi asarar kusan ninki biyu na mazaunansa?

Amsar tana cikin ranar da abin ya faru. A lokacin ana karatu ranar Asabar, don haka yaran ƙauyukan kewaye duk suna cikin aji. Ga 'yan gudun hijira: mutanen Moselle, wani lardin Faransa da ke iyaka da Jamus, da Jamusawa suka kora daga gidajensu a 1940, waɗanda har makaranta aka buɗe wa 'ya'yansu, da 'yan Sifaniya da suka tsere wa mulkin kama-karya na Janar Franco, da Yahudawa masu ɓuya. Ga mutanen Limoges da kan hau taragon lantarki su zo neman abinci a karkara, domin birni na cikin ƙunci. Ranar ce kuma ake rabon taba, manoma sun shigo karɓar nasu. Sojojin da kansu sun bi gonakin da ke cikin da'irar da suka ja, suka kwaso mutane. Har wasu matasa masu kekuna da hanya kawai ta biyo da su ba su tsira ba. Shi ya sa aka wayi gari wasu ƙauyukan iyaye na raye, amma babu ɗan makaranta ko guda. Mutanen Moselle 44 suka mutu, akasarinsu 'yan ƙauyen Charly, wanda tun 1950 ake kira Charly-Oradour.

Abin da ya faru tsakanin azahar da magariba

Rundunar ita ce ta biyu ta tankokin SS, mai suna Das Reich, ƙarƙashin Janar Heinz Lammerding. Ta taso ne daga yankin Montauban. Ana gobe abin zai faru, mutanenta sun rataye maza 99 a garin Tulle. Waɗanda suka zo Oradour kamfani na uku ne na bataliyar farko a rejimantin Der Führer, mutum kusan 200. Manjo Adolf Diekmann ne shugaban bataliyar, Otto Kahn kuma na kamfanin.

Wajen ƙarfe biyu na rana suka zagaye garin. Mai shela ya bi titi yana kiran kowa ya fito filin kasuwa da takardunsa, wai za a duba. Yawanci suka fito ba gardama, tun da garin bai taɓa ganin tashin hankali ba. Aka nemi magajin gari, Paul Desourteaux, ya zaɓo waɗanda za a yi garkuwa da su, ya ƙi, ya ce a ɗauke shi da 'ya'yansa. Daga nan aka ware mata da yara aka kai su coci. Maza aka kasa su shida, aka kai su rumbuna da gareji da sito, aka girke bindiga mai jigida a bakin kowace ƙofa. Wajen ƙarfe huɗu aka ji ƙarar da ta zama alama, aka buɗe wuta a wuraren shida lokaci guda. Ƙasa-ƙasa aka yi harbin, ya fi samun ƙafafu. Aka bi masu motsi aka ƙarasa, aka lulluɓe su da ciyawa da itace, aka sa wuta. Daga rumbun Laudy kaɗai aka samu waɗanda suka kuɓuta: shida suka fita ta baya, aka harbe ɗaya a hanya, biyar suka rayu. Robert Hébras, ɗan shekara 18, na cikinsu.

A cocin, sojoji suka shigo da wani akwati mai lagwani suka kunna, hayaƙi baƙi ya cika wurin. Da mata suka ruga ƙofofi aka harbe su, aka jibga kujeru da ciyawa, aka ƙone ginin har ƙararrawar ta narke. Mace ɗaya ce ta tsira, Marguerite Rouffanche. Ta samu ɗan tsanin da ake kunna kyandir da shi a bayan bagadi, ta hau, ta faɗo ta taga daga tsayin kusan mita uku. Wata mai jego ta biyo ta da jaririnta, kukan jaririn ya jawo hankalin sojoji, suka kashe uwa da ɗa. Ita Rouffanche, da harsasai a jikinta, ta rarrafa cikin wani lambu ta kwanta tsakanin kunyoyi har yammacin washegari.

Me ya sa Oradour?

Bayani uku ke yawo, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Na farko na su SS ne: wai suna neman Manjo Helmut Kämpfe, wanda 'yan sari-ka-noƙen Faransa masu yaƙar mamayar Jamus suka kama ranar 9 ga Yuni. Kama shi gaskiya ne, amma can gabas da Limoges aka yi, Oradour kuwa tana yamma. Na biyu ya ce kuskure aka yi, Oradour-sur-Vayres aka nufa, wani gari mai kama da sunan a kudu maso yamma. Wannan yana da daɗin ji domin yana ba abin dalili, sai dai sojojin suna da taswira, kuma da safiyar ranar sun zauna a Saint-Junien, wani gari da ke kusa, da 'yan sandan asirin Jamus da Faransawa 'yan kanzaginsu waɗanda suka san yankin kamar tafin hannu.

Na uku shi ne wanda hujja ta fi tsayawa a kansa: da gangan aka shirya, don a razana yankin baki ɗaya. Tun ranar 5 ga Yuni Lammerding ya rubuta takardar neman a ɗauki matakan ramuwa kan farar hula. Shi kansa ya yi aikin murƙushe 'yan sari-ka-noƙe a ƙasashen Sobiyet, inda zagaye ƙauye, tara mutane, ware maza da ƙone gini da jama'a a ciki ya zama tsari sananne. Ba a samu makami a Oradour ba, babu kuma sansanin 'yan gwagwarmaya. A ganinmu wannan rashin shi ya jawo mata: gari ne da za a gama da shi cikin awoyi ba tare da an mayar da harsashi ko ɗaya ba.

Yadda ake ƙirga waɗanda babu gawarsu

Nan ne aikin tarihin ƙaramin gari ya fi wuya. Gawa 52 kaɗai aka iya ganewa, ƙasa da ɗaya cikin goma. Sauran toka ce da ƙasusuwa a cakuɗe, ga shi sojojin sun dawo ranakun 11 da 12 ga Yuni sun tura abin da suka iya cikin ramuka don ɓatar da sawu. Alƙaluman farko sun kai 800 ko fiye. Idan babu gawa, ba mamata ake ƙirgawa ba, rayayyun da suka ɓace ake ƙirgawa, kuma hanyar tana da matakai.

Da farko ana gina jerin duk wanda ya kamata a ce yana wurin. Faransa na da wata al'adar mulki da ke taimakawa: rajistar haihuwa da aure da mutuwa kwafi biyu ake yi, ɗaya a ofishin magajin gari, ɗaya a kotu, saboda haka ƙonewar ofis ba ta share mutane daga takarda. A kan wannan ake ɗora ƙidayar jama'a, da rajistar makarantu, da jerin masu katin rabon abinci, da fayilolin baƙi 'yan ƙasashen waje da ke ofishin gwamnan lardi. Katin abinci ya fi ƙidaya amfani a lokacin yaƙi, domin ƙidaya ta tsufa da shekara takwas, kati kuwa kowa na sabunta shi don cikinsa.

Sai a cire waɗanda ba sa nan ranar: fursunonin yaƙi da ke Jamus, samarin da aka kwasa aikin tilas, masu aiki a Limoges, da waɗanda suka ɓuya suka tsira. Sannan a ƙara baƙin yini, waɗanda babu takardar garin da ta san da su, sai dai danginsu su zo cigiya. A ƙarshe, duk sunan da babu gawarsa sai kotu ta yanke hukuncin cewa mai shi ya mutu, in ba haka ba babu rabon gado, babu fansho, gwauro ba zai sake aure ba. Kotun Rochechouart ce ta tsayar da 642 a 1947.

Kurakuran wannan hanya sanannu ne. Idan an shafe gida gaba ɗaya, babu mai zuwa cigiya. Matar aure na iya fitowa da sunan gidan ubanta a wata takarda, da na mijinta a wata, a ƙirga ta sau biyu. Akasin haka ma na faruwa, a haɗe mutum biyu a ɗauka ɗaya ne. Mai ɓuya da takardun bogi yakan mutu da sunan da ba nasa ba. Baƙo kuwa, wanda malamin ofis ya rubuta sunansa yadda kunnensa ya ji, shi ne ya fi saurin zamewa. Ko rabon adadin ma littattafai sun saɓa: maza 190 kusan kowa ya yarda, amma wasu su ce yara 205, wasu 207. Duk mai irin wannan lissafi sai ya fara yanke shekarun da yarinta ke ƙarewa, kuma ya faɗa wa mai karatu inda ya yanke.

Abin da ya samu Ramona Domínguez Gil ke nan. Tsohuwa ce 'yar Sifaniya mai shekara 73, ta mutu tare da ɗanta da matarsa da jikokinta uku, babu wanda ya saura a gidan. Sunanta na kan wani allon dutse da 'yan ƙasarta suka kafa tun shekarun 1940, amma babu shi a jerin hukuma, domin an ɗauka ita da surukarta mutum ɗaya ne. Wani malami daga Kataloniya, David Ferrer Revull, ya lura allo da jeri ba su yi daidai ba, ya bi fayilolin baƙi a ma'ajiyar tarihin lardin Haute-Vienne, inda Oradour take, har ya nuna mata biyu ne. Kotu a Limoges ta karɓa, a 2020 adadin ya koma 643, 'yan Sifaniya kuma 19.

Shaida ma sai an tankaɗe ta. Duk abin da aka sani daga bakin wanda ke cikin cocin, daga mace ɗaya ya fito. Masu musun kisan sun daɗe suna neman kafa a nan, suna cewa wai makaman da 'yan gwagwarmaya suka ɓoye ne suka fashe. Abin da ya tsayar da maganar Rouffanche shi ne an auna ta da abubuwan da ba su dogara da ita ba: kwanson harsasai da aka tsinta a cikin cocin, ramukan harsashi a bango da kan allon tunawa da mamatan yaƙin 1914, rahoton likitocin da suka kwashe gawarwaki, da abin da sojojin suka amsa da bakinsu a kotu.

Shari'ar da ta bar kowa da ciwo

Manyan ba su zo hannu ba. An kashe Diekmann a Normandi ranar 29 ga Yunin 1944. Kahn ya sulale. Lammerding, wanda kotun Faransa ta yanke wa hukuncin kisa a bayan idonsa a 1951 kan kisan Tulle, ya zauna a Düsseldorf yana harkar gine-gine har ya mutu a 1971. Dalilin na doka ne: tsarin mulkin Jamus ta Yamma ya hana miƙa Bajamushe ga wata ƙasa, yarjejeniyar bayan yaƙi kuma ta hana kotunan Jamus sake taɓa shari'ar da Faransa ta riga ta yanke. Sai 1975 aka toshe wannan kafa, shi kuwa ya riga ya tafi.

Da kotun soja ta zauna a Bordeaux ranar 12 ga Janairun 1953, mutum 21 ne a gabanta, babu hafsa ko ɗaya. Bakwai Jamusawa, 14 kuwa Faransawa ne 'yan Alsace, yankin da ke iyaka da Jamus. Jamus ta haɗiye yankinsu a 1940, ranar 25 ga Agustan 1942 kuma ta tilasta wa samarinsu shiga soja. Kimanin mutum 130,000 daga Alsace da Moselle aka kwasa haka, wanda ya gudu a kama iyayensa. Cikin 14 ɗin, ɗaya ne ya shiga da son ransa, sauran 13 tilas ce, da yawansu ba su wuce shekara 18 ba a 1944. Gaba kura baya sayaki ne a gare su, ba wanda zai musa. Amma uwar da ta kai ɗanta makaranta da safe ta dawo ta tarar da toka, ba za a ce mata ta duba shekarun wanda ya ɗebo ciyawar ba. Gaskiya biyu ne suka yi karo, kuma babu hukuncin da zai ɗauke su tare.

Majalisa ta ƙara dagula lamarin. Dokar 15 ga Satumban 1948 ta ce duk wanda ke cikin rundunar da ta aikata laifi yana da laifi sai in ya wanke kansa. Ana tsakiyar shari'a aka janye wannan tanadi. Ranar 13 ga Fabrairu aka yanke hukunci: kisa ga saje Bajamushe ɗaya da ɗan Alsace mai sa kai, an sallami Bajamushe ɗaya, sauran ɗaurin shekara 5 zuwa 12. Limousin, yankin da Oradour take, ta ce an yi sassauci, Alsace ta ce an yi zalunci, magadan gari suka fito zanga-zanga a Strasbourg, babban birnin Alsace. Ranar 19 ga Fabrairu majalisa ta yi wa su 13 afuwa, ƙuri'a 319 da 211. Bayan kwana biyu suna gida. Waɗanda aka yanke wa kisa ma an sassauta musu, kafin 1960 babu wanda ya rage a kurkuku.

Iyalan mamatan suka mayar wa gwamnati lambobin yabon da ta ba garin. Suka ƙi sa tokar 'yan'uwansu a ginin ƙarƙashin ƙasa da gwamnati ta yi, suka tara kuɗi suka gina nasu a maƙabarta. Suka kafa allo a ƙofar kufai ɗauke da sunayen 'yan majalisar da suka zaɓi afuwa, ya shekara sama da goma a wurin. Sabon garin, wanda aka gama a 1953, ya zauna cikin makoki: bangaye ruwan toka, tituna da lamba babu suna har farkon shekarun 1990. Sai 1998 magajin garin Strasbourg ya halarci taron tunawa. Hafsa ɗaya tak ya taɓa tsayawa gaban alƙali, Heinz Barth, a Berlin ta Gabas a 1983. Ya amsa laifinsa, aka yi masa ɗaurin rai-da-rai, aka sake shi a 1997 saboda rashin lafiya. Ƙoƙarin ƙarshe a birnin Cologne na Jamus, kan wani tsoho mai shekara 88, ya rushe a 2014 don ƙarancin hujja.

Riƙe kango a tsaye

Janar de Gaulle, shugaban gwamnatin Faransa a lokacin, ya ziyarci wurin a Maris 1945, dokar 10 ga Mayun 1946 kuma ta mayar da kufan, kimanin hekta 10, mallakar ƙasa kuma wurin tarihi. Waɗanda suka yi dokar sun yi tunanin gani ya kori ji. Ba su yi lissafin ruwan sama ba.

Bangon irin waɗannan gidaje fuska biyu ne na dutse, tsakiya cike da ɓaraguzai da ƙasa ko farar ƙasa mai rauni. Rufi ne ke kare shi. Da zarar babu rufi, ruwa ya shiga ta ka ya sauka cikin tsakiyar. Da hunturu ya daskare, ƙanƙara kuwa ta fi ruwa girma da kusan kashi 9 cikin 100, sai ta tura fuskokin biyu waje. Bango ya yi ciki, wata rana ya zube. Dutsen da ya sha wuta ya riga ya raunana, domin ma'adinin kwaz da ke cikinsa yana kumbura farat ɗaya a zafin digiri 573 a ma'aunin Salsiyos, ya bar tsage-tsagen da ido ba ya gani. Ƙarfen da ke cikin gini ya yi tsatsa ya kumbura ya fasa dutsen da ke riƙe da shi. Saiwar ciyawa ta ƙarasa sauran.

Magani shi ne a toshe kan bangon yadda ruwa zai gangare, a cike tsakanin duwatsu, a ɗaure inda ya buɗe. Kuskuren da aka fi yi a irin wannan aiki shi ne sa siminti: ya fi tsohon ginin tauri, ba ya barin danshi ya fita, sai ruwa ya taru a bayansa ya ci dutsen. Kwaɓin farar ƙasa ya fi dacewa, amma yana bukatar a riƙa sabunta shi. Kowane gyara kuma yana cire ɗan abin da ya ga ranar, ya sa sabo a gurbinsa. Baƙin hayaƙi ya wanke tun tuni, gansakuka da koren ciyawa sun rufe ƙasa, har baƙo ya ji wurin da wata natsuwa da waɗanda suka shigo ranar 11 ga Yuni ba su tarar ba.

Motar da ke filin kasuwa, Peugeot 202 da ta nutse kan ƙafafunta, ita ce aka fi ɗauka hoto. Shekara da shekaru ana nuna ta a matsayin motar Likita Jacques Desourteaux, ɗan magajin gari, wanda ya dawo daga duba mara lafiya aka haɗa da shi. Bincike ya nuna ta wani mai sayar da giya ce, ta likitan an janye ta daga wurin. Haka kayan gida da yawa, an tsamo su ne daga ɓaraguzai aka ajiye inda ido zai gan su. Wannan bai rage komai daga abin da aka aikata ba, amma dole a faɗe shi a fili, domin masu musu irin waɗanda suka yi rubutu a bangon cibiyar tunawa da ke ƙofar kufan a Agustan 2020 da ƙaramin kuskure suke fara farauta. Dalilin buɗe cibiyar a 1999 ke nan: baƙo ya bi ta cikin takardu da hotuna kafin ya taka titin.

Rouffanche ta rasu a 1988. Hébras, wanda ya tsaya cikin cocin tsakanin shugabannin Faransa da Jamus ranar 4 ga Satumban 2013, ya rasu ranar 11 ga Fabrairun 2023 yana da shekara 97, shi ne na ƙarshe cikin waɗanda suka fito daga wuraren kisan. Mutum kusan 300,000 ke zuwa duk shekara. Tun shekarun 1990 masu kula da wurin suka amince ba za a iya riƙe kowane bango ba, suka fifita cocin, da wuraren da aka harbe mazan, da fuskar gidajen babban titi. Ɗakunan baya, inda aka yi girki aka yi barci, ana tokare wanda aka iya, sauran suna sauka a hankali.